Hasumiyar Pisa: ginin da ya yi shekara 800 yana shirin faɗuwa, da yadda aka tare shi

Ranar 7 ga Janairu 1990 gwamnatin Italiya ta sa aka garƙame ƙofar hasumiyar Pisa, aka ce daga yau ba mai sake hawa sai yadda hali ya yi. Ita ce dai doguwar hasumiyar nan da ta karkace, wadda za ku ga 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto sun miƙa hannu wai su a dole tare ta suke yi kar ta faɗi. Da yawa ba su ma san mece ce ita ba, wasu na zaton fadar wani sarki ce, wasu kuma cewa suke da gangan aka gina ta a karkace don a ja hankalin mutane. Ko ɗaya babu. Hasumiyar ƙararrawa ce ta babban cocin Katolika na birnin Pisa, aikinta kawai a rataya ƙararrawa a can sama a riƙa kaɗawa idan lokacin ibada ya yi, kuma a Italiya an saba gina irin wannan hasumiya daban a gefen coci ba a jikinsa ba, shi ya sa take tsaye ita kaɗai a bayan cocin.

Abin da ya tsorata gwamnati ba a Pisa ma ya faru ba. A garin Pavia ne, ranar 17 ga Maris 1989, wata tsohuwar hasumiya da ke kusa da babban cocin garin ta rufto ba zato ba tsammani, mutum 4 suka mutu, kuma ita ko karkacewa ba ta yi ba. Kafin ita an ga na Venis a 1902, hasumiyar cocin San Marko ta zube gaba ɗaya da safe. To sai mutane suka fara tambaya, idan wadda take tsaye ƙyam ta faɗi, ina ga wadda kanta ya riga ya fita daga saitin gindinta da kusan mita 4 da rabi, kuma kullum ɗaruruwan mutane na hawa?

Bari mu koma baya tukunna don a gane inda matsalar ta samo asali.

A ƙarni na 11 da na 12 Pisa ba ƙaramin gari ba ne, jamhuriya ce mai jiragen ruwa da dukiya, tana kasuwanci tana kuma yaƙi a tekun Bahar Rum, har da ganimar da suka kwaso daga birnin Palermo na tsibirin Sisili a 1063, lokacin tsibirin na hannun Musulmi, aka fara gina shi babban cocin. Da kuɗi suka zauna sai aka ce a yi hasumiyar da za ta nuna wa biranen Jenowa da Fulorens ko su wane ne mutanen Pisa. Wata mata da mijinta ya rasu, Berta di Bernardo, ta bar wasiyyar kuɗi a 1172 don a sayi duwatsun farko, aka aza harsashi a watan Agusta 1173. Wanda ya zana ginin har yau masana tarihi na gardama a kai, an daɗe ana cewa Bonanno Pisano ne, wasu kuma sun fi karkata ga Diotisalvi wanda ya gina wurin baftisma da ke filin cocin.

Ginin kansa kyakkyawa ne gaskiya, ko da bai karkace ba ya isa a je kallo. Zagayayye ne, cikinsa fanko tun daga ƙasa har sama, hawa 8 idan aka haɗa da ɗakin ƙararrawa. Hawan ƙasa bango ne da aka yi wa ado da baka-baka guda 15, sai hawa 6 a kansa kowanne da baranda ta zagaye shi da ginshiƙai sirara na farin dutsen mabul, baka 30 a kowane hawa. Tsawonsa kusan mita 56, nauyinsa kuwa wajen tan 14,500. Matakala tana cikin bangon ne tana murɗawa zuwa sama, taki kusan 300, kuma duk ta suɗe ta yi rami saboda ƙafafun mutane, idan kana hawa za ka ji jikinka na jinginuwa da bangon dama wani lokaci, ka ɗan zagaya kuma ka koma na hagu. Amma ga inda gizo ke saƙa: bangon nan da ake gani mai kauri ba dutse ba ne zalla, fuska biyu ce ta sassaƙaƙƙen dutse, waje da ciki, tsakiyar kuma tarkacen duwatsu ne da kwaɓi aka cusa, har da ramuka a ciki. Ku riƙe wannan za mu dawo kansa.

Duk wannan nauyi a kan me aka ɗora shi? Harsashin da zurfinsa bai wuce mita 3 ba, faɗinsa ƙasa da mita 20. Ita kuma ƙasar Pisa tsohon bakin kogi ce, kogin Arno ne ya yi ta tara laka da rairayi a wurin, ruwa na nan kusa da sama, mita ɗaya zuwa biyu ka haƙa ka same shi. Wajen mita 10 na farko laka ce gauraye da yashi, a ƙarƙashinta kuma akwai wani yumɓu mai taushi sosai da ke lotsawa idan an danne shi. Ɓangaren kudu ya fi na arewa taushi. Shi ke nan matsalar, ba wani asiri.

Zuwa 1178 an kai wajen hawa na uku ana shiga na huɗu sai aiki ya tsaya, ginin ya riga ya fara nutsewa, ga kuma yaƙe-yaƙe sun sha kan Pisa. Kusan shekara 100 ba a ƙara aza dutse ko ɗaya ba. A nan ne abin ya fi ba ni mamaki, domin injiniyoyin zamanin nan da suka yi lissafi sun ce da a ce magina sun ci gaba a lokacin, da tuni ginin ya kife kafin a gama, yumɓun ba zai iya ɗauka ba. Wannan dogon zaman da aka yi shi ya ba ƙasar dama nauyi ya matse ruwan cikinta sannu a hankali ta yi ƙarfi. Wato rashin kuɗi da yaƙi ne suka cece ta, ba dabarar kowa ba. Kuma ba sau ɗaya ba, a 1272 Giovanni di Simone ya ci gaba da aiki har aka kai hawa na bakwai, sai aka sake tsayawa, Jenowa ta yi wa Pisa mummunan kaye a yaƙin ruwa na Meloria a 1284, aka sake yin wani dogon hutun kafin a ɗora ɗakin ƙararrawa wanda Tommaso Pisano ya kammala wajen 1372. Daga farko zuwa ƙarshe kusan shekara 200.

Su fa maginan nan sun san ginin na karkacewa, ba makafi ba ne, kuma shaidar tana jikin duwatsun. Da suka ga yana tafiya kudu sai suka riƙa sa duwatsun ɓangaren kudu su ɗan fi na arewa tsawo, don kowane sabon hawa ya dawo daidai, shi ya sa idan ka tsaya ka lura da kyau hasumiyar ba miƙaƙƙiya ba ce da ta jingina, lanƙwasa ta yi a tsakiya. A can sama kuwa abin ya fito ƙarara, daga hawa na bakwai zuwa daɓen ɗakin ƙararrawa taki 6 ne ta kudu amma 4 ne ta arewa. Da irin waɗannan gyare-gyaren injiniyoyi suka karanto tarihin karkacewar shekara bayan shekara, har suka gano da farko ma arewa ta ɗan leƙa kaɗan kafin ta juya kudu.

Ƙararrawa 7 ne a sama, kowacce da muryarta. Babbar cikinsu an rataya ta a 1655, nauyinta ya haura tan 3. Akwai wata ta 1262 da ta girmi ɗakin ma, daga wata hasumiyar aka kawo ta, kuma a da ita ake kaɗawa idan za a kashe mai laifi. Daga baya an hana lilo da su saboda tsoron girgiza, yanzu guduma ce mai aiki da lantarki ke bugunsu suna rataye. Labarin masanin kimiyya Galileo da ake cewa ya hau ya sako ƙwallaye biyu masu nauyi daban-daban kuwa, daga bakin almajirinsa Viviani ya fito, masana da yawa na ganin ƙila bai faru ba, mu wuce.

To yanzu mu zo kan masu taimako, domin mafi yawan wahalar da hasumiyar nan ta sha bayan an gama ta daga hannun masu son gyara ta ne.

A 1838 wani mai zanen gini, Alessandro della Gherardesca, ya ga gindin ginin ya nutse cikin ƙasa ba a ganin adon ginshiƙan ƙasa, sai ya ce a haƙa rami a zagaye a fito da su mutane su gani. Niyya mai kyau. Amma ta kudu haƙar ta wuce inda ruwa yake, ruwa ya ɓalle ya cika wurin, ginin da ya yi ɗaruruwan shekaru kusan a natse ya ƙara zabura kudu. A 1934 zamanin mulkin Musolini a Italiya aka ce ai wannan ruwan da ke shiga shi ne matsala, aka huda ramuka 361 a harsashin aka ɗura siminti tan wajen 80, sakamakon dai hasumiya ta ƙara karkata. A shekarun 1970 kuma ba ma taɓa ta aka yi ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa aka yi ta zuƙa da famfo a yankin don amfanin gari, ita ma ta ji a jikinta. Garin neman gira ana ta neman rasa ido. Ko lokacin yaƙin duniya na biyu da ƙyar ta sha, a 1944 sojojin Amurka na zargin Jamusawa na leƙen asiri daga samanta, wani saje Leon Weckstein aka tura ya duba, kalma ɗaya zai faɗa a rediyo a yi mata ruwan wuta, bai faɗa ba.

Tun 1911 ake auna ta a kai a kai, kuma awon ya nuna kan hasumiyar na matsawa kudu milimita ɗaya da ɗan wani abu duk shekara, saurin kuma ƙaruwa yake ba raguwa ba. A 1990 karkacewar ta kai digiri 5.5.

Firaminista Giulio Andreotti ya kafa kwamiti na ƙasa da ƙasa, shugabansa Michele Jamiolkowski, farfesa a Turin haifaffen Poland, a ciki akwai injiniyoyin ƙasa da na gini da masana tarihin zane da masu gyaran kayan tarihi. An sha kafa kwamitoci a baya ba abin da suka tsinana, don haka mutanen gari ba su wani ɗauke su da muhimmanci ba, su dai haushinsu an rufe musu hanyar abinci. Cikin 'yan kwamitin akwai John Burland na kwalejin Imperial da ke Landan, masanin yadda ƙasa ke ɗaukar nauyi. Da suka gina kwatankwacin hasumiyar a kwamfuta suka zuba mata duk bayanan ƙasar wurin, sai ta riƙa kifewa tun a digiri 5.44, alhali ta gaske tana can tsaye a 5.5. Ka ji fa. A lissafi ta riga ta faɗi.

Haɗari biyu suka gano. Na farko ƙasa ta saki ginin ya kife gaba ɗaya. Na biyu shi ne wanda ya fi hana su barci, wato bangon ya fashe. Kun tuna tarkacen da na ce an cusa a tsakiyar bango? A hawa na biyu ta ɓangaren kudu, daidai inda bangon ya rage kauri kuma matakala ta ratsa ta cikinsa, nan ne duk nauyin da ya jingina ke taruwa, kuma irin wannan fashewar ba ta sallama, haka ta Pavia ta yi. Shi ya sa abin farko da suka yi a 1992 shi ne ɗaure wurin da wayoyin ƙarfe da aka lulluɓe da roba, aka zagaye bangon aka ɗame. A 1993 kuma aka zuba zoben kankare a gindi aka fara jera tubalan dalma ta arewa, tan 600, don su danne ɓangaren da ke ɗagawa. Muni kam ya yi muni, tulin dalma a gindin gini irin wannan, amma a karon farko a tarihi hasumiyar ta ɗan dawo baya.

Sai kuma su ma suka kusa tafka irin ta magabata. Saboda ana ta ƙorafin munin dalmar, kwamiti ya yarda a maye gurbinta da igiyoyin ƙarfe 10 da za a kafe can ƙasa mai zurfi inda ba a gani. Don a yi wannan sai an yi haƙa a gindi ƙasa da inda ruwa yake, sai aka ce a daskarar da ƙasar da ruwan naitrojin mai tsananin sanyi. Ashe a ƙarƙashin ramin nan na Gherardesca akwai wani tsohon daɓe da ba a sani ba, wanda bututun ƙarfen aikin 1934 suka haɗa shi da harsashin, ya zama yana taimaka wa ginin tsayuwa. Ana taɓa shi a watan Satumba 1995 hasumiya ta fara tafiya kudu, a dare ɗaya ta yi kusan tafiyar da take yi a shekara. Aka dakatar da aiki a guje aka ƙaro dalma har ta kai wajen tan 900. Har yau a tarihin aikin ana kiran wannan wata baƙin Satumba. Jaridu suka yi musu caa, siyasa ta shigo, kwamitin ma ya yi wani lokaci ba shi da hurumin aiki.

Maganin da ya yi aiki daga ƙarshe ba sabo ba ne, wani injiniyan Italiya Fernando Terracina ya kawo shawararsa tun 1962 ba a saurare shi ba, kuma an yi amfani da irinsa a babban cocin birnin Meziko. Dabarar ita ce: kar ka tura ginin, kar ka ja shi, kar ka ɗaga ɓangaren da ya nutse. Je ka ɓangaren da ke sama, wato arewa, ka riƙa zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashinsa, ramin da ka bari zai rufe da kansa, ginin ya zauna ta nan. Na'urar kamar ta masu haƙar burtsatse take, sai dai a kwance-kwance ake tura ta, bututu ne da wani ƙarfe mai murɗe a cikinsa, yana juyawa yana fito da laka ba tare da ya girgiza ƙasar da ke kewaye ba. Hatsarin shi ne idan ka wuce wani layi ka shiga can ƙarƙashin tsakiya, to maimakon ta dawo sai ka ƙara tura ta kudu. Don haka sai da aka gina wani ƙaramin gini na kankare a karkace a gefen filin aka gwada a kansa tukunna, sannan a 1998 aka ɗaura wa hasumiyar manyan igiyoyin ƙarfe a hawa na uku aka ja su can arewa wajen mita 100 aka kafe, ba don a ja ta ba, don dai in ta ce za ta tafi a samu abin riƙewa.

A Fabrairu 1999 aka fara gwaji da bututu 12 kawai. Kwanakin farko shiru, sai kuma na'urori suka fara nuna tana komawa arewa. Ganin haka aka shiga aikin gadan-gadan a 2000 da bututu 41. Yadda aka tafiyar da shi ne ya fi burge ni. Kowace rana sai a turo wa Burland awon da na'urori suka ɗauka ta faks can Landan, ya duba yadda ginin ya amsa aikin jiya, sannan ya rubuto umarni, bututu mai lamba kaza a zare kaza, a bar na kusa da shi yau, Jamiolkowski ya amince, sannan ma'aikata su taɓa ƙasa. Abin da ake cirewa a zama ɗaya bai wuce cikin jarka ba, 'yan litoci. Idan ta ɗan karkata gabas sai a zare ta yamma a dawo da ita. Gini mai tan 14,500 ana tuƙa shi da laka lita ashirin-ashirin. A hankali aka riƙa kwashe dalmar har aka gama, aka kwance igiyoyin ba tare da an taɓa buƙatarsu da gaske ba.

Jimillar ƙasar da aka zare mita 38 ce ta kubik, wajen tan 70, ba ta kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ginin ba. Kan hasumiyar ya dawo da kusan santimita 45, wato ta koma inda take kafin haƙar 1838, karkacewar ta sauka zuwa wajen digiri 5. A watan Yuni 2001 aka miƙa wa hukumomin gari makulli, ranar 15 ga Disamba 2001 aka sake buɗe wa jama'a, yanzu rukuni-rukuni ake shiga da tikiti mai lokaci, ba a barin cunkoso.

Wani zai ce to tunda dabara ta samu me ya hana a miƙar da ita gaba ɗaya? Na farko dai ba za ta miƙu ba tunda a lanƙwashe aka gina ta, in ka daidaita ƙasa sama zai karkace. Na biyu kuma, kuma a ganina shi ne babba, ba wanda ke so. Masana tarihi a kwamitin sun dage cewa karkacewar ita ma tarihi ce, UNESCO ta riga ta sa filin cikin kayan tarihin duniya tun 1987, su kuwa masu otal da masu sayar da tsaraba ba sai an tambaye su ba. Abin da aka nema shi ne a rage kusan kashi 10 cikin 100, wanda ido ba zai gane ba amma bangon kudu zai samu sauƙi.

Saura tambaya ɗaya, me ke tura ta kudu duk shekara tun asali, kuma me zai hana ta sake farawa? Da aka bi awon shekaru da kyau sai aka lura yawancin motsin tsakanin Satumba da Disamba yake faruwa, lokacin ruwan sama mai ƙarfi a can. Idan an tafka ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi tasowa ta arewa, sai ya ɗan ɗaga wannan ɓangaren, in ya janye kuma ginin ba ya komawa daidai inda yake, kullum da ɗan saura. Wato ba kudu ke nutsewa kawai ba, arewa ce ke tashi. Sai aka haƙa rijiyoyi 3 ta arewa da magudanai a ƙarƙashin ƙasa don ruwan ya riƙa tsayawa a mataki ɗaya. A 2008 injiniyoyi suka sanar cewa ta daina tafiya kudu, suka ce za ta kai aƙalla shekara 200, a 2018 kuma masu sa ido suka ce ta ma ƙara miƙewa da kanta da wajen santimita 4.

A 2018 ɗin nan ne kuma wasu masu bincike, cikinsu har da George Mylonakis na jami'ar Bristol, suka amsa wata tsohuwar tambaya, ta yaya gini da ke bakin faɗuwa ya tsallake manyan girgizar ƙasa aƙalla 4 tun 1280? Suka ce tsawo da taurin ginin idan aka haɗa da taushin ƙasar da yake kai sun sa yanayin kaɗawarsa bai dace da na girgizar ba, sai ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta kama shi sosai. Yumɓun da ya karkatar da ita shi ne dai ya kare ta a nan.

Kayan aikin Pisa ma ba su yi ritaya ba. A ƙarshen 2023 hukumomin birnin Bolonya na Italiya suka killace hasumiyar Garisenda, wadda ita ba ta coci ba ce, wani gidan masu kuɗi ne ya gina ta a ƙarni na 12, bayan na'urori sun nuna tana wani motsi da ba a saba gani ba, karkacewarta wajen digiri 4 ce kuma a tsakiyar gari take cikin gidaje da shaguna. A 2024 magajin garin ya sanar cewa manyan turakun ƙarfen nan da suka riƙe igiyoyin Pisa za a gyara a kawo su Bolonya a ɗaure ta da su kafin a fara aikin gyaran bangonta.